Me ya sa injin niƙa mai ƙwallaye yake yin shiru, garin gawayi ya kafe a jikin ganga?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Gadarif ne a ƙasar Sudan, sana'ata kuwa yin gawayin turare, wato ƙananan dunƙulen nan da mata suke ɗorawa a kasko su barbaɗa turaren wuta a kai. Da can a turmi muke daka gawayin ni da yarana, sai wani makaniki ya haɗa mini injin niƙa mai ƙwallaye. Guntun bututun roba ne mai kauri, faɗin cikinsa santimita 30, na bayansa 32, tsawonsa 40, yana kwance a kan rola biyu masu kaurin santimita 5. Moton yana juyi 1,440 a minti, pulin kansa santimita 5 ne, na rolar 15. Na zuba ƙwallayen tsohon boris kimanin kilo 8, manyansu sun kai santimita 2, gawayi kuma nakan cika shi kusan baki. Idan na kunna yakan yi ƙara na rabin sa'a, daga nan ƙarar ta mutu. In na buɗe sai in tarar garin ya kafe a jikin bututun kamar ƙanzo, ƙwallayen sun nutse a ciki, kuma ko bayan sa'a 6 ina jin tsaki a yatsa. Abin ya fi muni tun saukar damina. Wani abokina ya ce masu haɗa wasan wuta a ƙasashen waje da ƙwallayen darma suke niƙa, ya kuma ba ni shawarar in zuba gishirin albarushi in niƙa tare da gawayin don ya riƙa kamawa da ashana ɗaya kamar na kanti. Ina matsalar take, kuma yaya kake ganin shawarar tasa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Ka kyauta da ka aiko da awo, domin da shi za a gano ciwon injin nan ba tare da an gan shi ba. Kafin komai, maganar gishirin albarushi ka ajiye ta gefe, kada ka kuskura ka zuba shi a cikin gangar nan ko da cokali ɗaya ne. Dalilin yana tafe a ƙasa, amma na gabatar da hukuncin saboda kada ka tsaya da karatu a tsakiya ka tafi gwaji.

Irin wannan inji ba ya niƙa da juyi, da faɗuwa yake niƙa. Bangon gangar yana ɗaukar ƙwallayen ya hau da su zuwa wani wuri, sai nauyinsu ya rinjaya su gangaro, waɗansu su mirgino a kan 'yan'uwansu suna murje abin da ke tsakani, waɗansu su faɗo su doki na ƙasa. Haka manyan injinan masana'antun siminti na garin Atbara a nan Sudan suke aiki, haka ƙaramin naka ya kamata ya yi. Ƙarar da kake ji ita ce shaidar cewa ƙwallo yana haɗuwa da ƙwallo. Da zarar ta mutu niƙa ta tsaya, kuma duk sa'o'in da ka ƙara bayan haka wutar lantarki kawai kake ƙonawa, wadda ba ta wadata ba a kwanakin nan. Abubuwa uku ne suka haɗu suka hana ƙwallayenka faɗuwa, ba kuma nauyinsu ɗaya ba.

Mu fara da gudu, tunda shi ne mai sauƙin lissafi. Kowace ganga tana da wani gudun da idan ta kai shi ƙwallayen za su manne a bango su riƙa zagayawa tare da ita, kamar yadda ruwa ba ya zuba idan yaro ya juya bokiti da sauri a saman kansa. Injiniyoyi suna gano wannan iyaka da hanya ɗaya: a cire kaurin ƙwallo daga faɗin cikin ganga, a mayar da sauran zuwa mita, a nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan adadi, sannan a raba 42.3 da ita. A wurinka santimita 30 a cire 2 ya bar mita 0.28, lambar da ake nema kusan 0.53 ce, amsar kuwa juyi 80 a minti. Inji yana niƙa da kyau ne idan yana tafiya tsakanin kashi 60 zuwa 75 cikin 100 na wannan iyaka, wato juyi 48 zuwa 60 ga gangarka. Yanzu dubi abin da makanikinka ya haɗa. Puli mai santimita 5 yana jan mai 15, saboda haka rola tana juyi 480, ita kuma rolar mai kaurin 5 tana juya ganga mai bayan 32, wanda ya ba da juyi 75 a minti. Wannan kusan kashi 94 ne cikin 100 na iyakar, wato kana bakin gaɓa.

Za ka ce to me ya sa yake ƙara a rabin sa'ar farko. Saboda cikin bututun roba yana da santsi, ƙwallayen suna zamewa a kansa, ba sa samun cikakken gudun bango. Da gari ya fara liƙewa sai santsin ya tafi, bango ya kama ƙwallayen da kyau, ya ɗauke su ya ƙi saki, su kuma su danne garin da ke ƙarƙashinsu su mayar da shi ƙanzo. Gyaran ba shi da tsada. Ka sa a canza pulin rola daga santimita 15 zuwa 20, gangar za ta dawo juyi 56, kashi 70 ke nan. Kada ka dogara da lissafi kaɗai, domin bel yakan zame, janareta kuma ba koyaushe yake riƙe gudunsa daidai ba. Ka yi alama da alli a jikin gangar, ka ƙirga juyinta na minti ɗaya da agogon waya tana ɗauke da cikakken kayanta. Kada kuma wani ya ce ka sa makunnin rage gudun fanka, irin wannan moto gudunsa yana bin bugun wutar ne, makunnin fanka zafi kawai zai sa shi ya ƙone. 'Yan'uwa da ke Jidda ko Makka masu son kwaikwayon wannan awo su lura cewa wutar Sudan tana bugu 50 a daƙiƙa, ta Saudiyya 60, saboda haka moto iri ɗaya zai fi gudu da kashi 20 cikin 100 a can, pulin da ya yi daidai a Gadarif zai wuce kima a Jidda.

Sai dai a ganina gudu ba shi ne babban laifin ba. Babban laifin yawan gawayi da ƙarancin ƙwallo ne. Gangarka tana cin lita 28. Ƙa'idar ƙananan injina irin naka ita ce ƙwallaye su cika kusan rabin ganga, wato lita 14. Ƙwallaye idan suka taru ba sa cika wuri tam, akwai giɓi a tsakaninsu da ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na tarin, kuma a cikin wannan giɓin ne ake so abin niƙa ya zauna, ya ɗan rufe saman ƙwallayen kaɗan. Ma'ana, gawayin da ya dace a zuba a kowane zubi bai wuce lita 6 zuwa 7 ba, abin da bai kai kilo 3 ba. Kai kuwa ƙarfenka kilo 8 ne, wanda idan aka tara shi bai kai lita 2 ba, sannan ka binne shi a cikin gawayin da ya haura lita 20. Kowane ƙwallo yana iyo shi kaɗai a cikin gari mai laushi, idan ya faɗo a kan katifa yake sauka, ba ya samun ɗan'uwansa ballantana su murje wani abu a tsakaninsu. Wanda ya cika turmi baki ya ɗauko muciya maimakon taɓarya bai kamata ya yi mamakin tsaki ba.

Da ƙwallayen da kake da su yanzu, gangar da ta dace da su ba ta wuce lita 3 da rabi ba. Idan kuwa wannan babbar kake son riƙewa, dole ka dubi nauyi. Rabin ta na ƙwallayen ƙarfe zai kai kilo 65, kuma ina shakkar rolarka da murfin bututun roba za su jure wannan. Ƙwallayen tangaran na alumina, waɗanda masu yin fenti da tayil suke amfani da su, za su kai kilo 30, su ne kuma na fi so idan ana samunsu, domin ba sa tsatsa kuma ba sa saurin cinyewa. Tsakuwar kogi mai santsi da tauri, wadda aka zaɓo masu kama da ƙwai, za ta kai kilo 22, kuma ba abin raini ba ce, da duwatsu irin wannan aka daɗe ana niƙa a masana'antun tangaran kafin a ƙera na alumina. Gawayi abu ne mai saurin farfashewa, ba ya bukatar nauyin ƙarfe kamar dutsen zinariya. Aibin tsakuwa shi ne tana zubar da ɗan yashi a farko, don haka sai a juya ta da ruwa ita kaɗai na wasu sa'o'i a wanke kafin ta ga gawayi. Ƙwallayen gilashi na wasan yara suna tsagewa su bar ɓaraguzai masu kaifi, ban ba ka shawararsu ba. Ko wanne ka zaɓa, ka gauraya manya da ƙanana, manya su fasa, ƙanana su murje.

Darma kuwa babu ita a lissafinka sam. Masu wasan wuta suna zaɓenta ne saboda tsoron tartsatsi, kuma abin da suke niƙawa ba a ɗakin kowa ake ƙona shi ba. Darma tana da laushi, kowane zubi yana kankare wani abu daga jikinta ya shiga garin, kai kuma kayanka a ɗakin amarya da na mai jego ake kunna shi, jariri yana kwance yana shaƙa, tokar kuma tana zuba inda yara suke rarrafe. Duk Bahaushe, ko a ina yake zaune, ya ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da niƙan dutsen zinariya mai darma a cikin gidaje ya kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, waɗanda suka rayu kuma da yawa aka bar su da lahani a ƙwaƙwalwa. Ƙurar niƙa ce ta yi wannan ɓarna.

Abu na uku shi ne laima, kuma kai da kanka ka gano shi da ka ce abin ya tsananta da saukar damina. Gawayi cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, yana zuƙar danshin iska ko da a taɓawa ya yi kama da busasshe. Idan niƙa ta yi nisa gangar tana ɗumama, danshin ya fito daga cikin ramukan ya zauna a bayan ƙwayoyin garin, ya liƙa su da juna. Daɗin daɗawa, gwargwadon laushin gari gwargwadon yadda yake son mannewa, shi ya sa ƙanzon ba ya bayyana sai bayan an ɗan jima. Ka gwada da sikeli. Auna kilo ɗaya na dakakken gawayi, ka shanya shi siriri a kan kwanon rufi a rana mai ƙarfi tun hantsi har la'asar, ka sake aunawa. Abin da ya ragu ruwa ne da kake zubawa a injinka ba ka sani ba. Wanda aka shanya a zuba shi a ganga nan take ko a ɗaure shi a buhu mai leda a ciki, domin idan ya kwana a buɗe a watan Agusta zai mayar da abin da rana ta cire.

A nan akwai wata kula da ba zan tsallake ba. Gawayi, musamman sabon da bai daɗe da fitowa daga kamina ba, wato wurin da ake ƙona itace ya zama gawayi, yana shan iskar oksijin yana fitar da zafi a hankali, kuma idan aka tara shi da yawa yana iya kama wuta da kansa. Wannan ne ya sa dokokin jigilar kaya a teku suka sa shi cikin kayan da ke ɗumama da kansu. Niƙa tana buɗe sabuwar fuska a jikin kowace ƙwaya, don haka garin da ya fito daga inji da ɗumi kada a tula shi a buhu a jingine a ɗaki. A baza shi ya huce tukuna. Sabon gawayi kuma a bar shi ya sha iska na kwanaki kafin a daka.

Maganar tsakin da kake ji bayan sa'a 6, ina zargin ba duka gawayi ba ne. Gawayin da ake ƙonawa a ƙarƙashin ƙasa yana zuwa da yashi, yashi kuwa ya fi gilashi tauri, ya fi yawancin ƙarfe ma, saboda haka gawayi zai zama gari ya bar shi yana nan. Ɗebi cokali ɗaya na garin ka dama a kofin gilashi da ruwa, ka zubar da baƙin ruwan a hankali, ka sake zuba wani har sau uku. Idan ka ga fari ko jan abu ya kwanta a ƙasa, yashi ne, maganinsa kuma a tankaɗe gawayin tun yana manya a zubar da dagwalon ƙasan buhu. Abu na biyu da ke ƙin niƙuwa shi ne itacen da bai gama ƙonewa ba, wanda idan ka karya za ka ga cikinsa ruwan ƙasa-ƙasa. Wannan zare gare shi, lanƙwasawa yake yi ba ya fashewa, kuma sauran kwaltar da ke jikinsa tana taimaka wa ƙanzo, ga hayaƙi da yake ɓata ƙamshin turare. A tsince shi da hannu. Gawayin bagaruwa da na dushe, waɗanda Larabawan nan suke kira sunut da talha, suna da tauri da nauyi, don haka kada ka jefa su gunduwa-gunduwa ka ce ƙwallo mai santimita 2 ya fasa. Turmin nan da ka ajiye bai yi ritaya ba. A fara farfasawa a cikinsa, a tace da rariya, abin da bai fi ƙwayar dawa ba shi ne abincin inji.

Sannan ka tambayi kanka ko kana bukatar laushin da kake nema. Wani injiniyan Amurka mai suna Fred Bond ya fitar da lissafi a 1952 wanda har yau masana'antu suke auna ƙarfin niƙa da shi, kuma abin da yake nunawa shi ne kowane ƙarin laushi yana cin ƙarfi fiye da na bayansa. Bisa lissafinsa, idan ka fara da ƙwaya mai milimita 1, kai ta kashi ɗaya cikin 40 na milimita zai ci ƙarfi kusan ninki biyu da rabi na kai ta kashi ɗaya cikin 10. Gawayin turare bai bukaci ya zama kwalli ba. Garin da ya yi laushi ƙwarai yana shan ƙaro da yawa, dunƙulen ya fito a matse babu hanyar iska, ya yi wuyar kamawa, ya riƙa mutuwa a tsakiyar kasko, wani lokaci ma ya tsage wajen bushewa. Laushin garin tuwo ya isa, kuma idan da ɗan ɓarzajje a ciki ya fi. Idan aka gyara gudu da awo, ka riƙa tsayar da injin kowane minti 30 kana tankaɗa ɗan samfuri, za ka gano lokacinka da kanka, kuma ina sa ran zai yi ƙasa da sa'a 6 nesa ba kusa ba.

Da ni ne kai, da na bar niƙan busasshe gaba ɗaya, musamman da damina. Tunda dai a ƙarshe kwaɓa garin za ka yi da ruwan ƙaro ko na sitaci, babu dalilin yin faɗa da laima. Ɗan danshi ne yake liƙa gari, ruwa mai yawa kuwa warware shi yake yi. Ka zuba ƙwallaye rabin ganga, gawayi lita 6, ruwa har kwaɓin ya yi kaurin kunu, yana bin jikin ƙwallo amma yana zuba. Ƙanzo ba zai samu ba, niƙa za ta fi sauri, baƙar ƙurar da ke shiga ƙirjinka da na yaranka ta tafi, haɗarin wuta ma ya tafi. Bayan an gama a juye a buhu a rataye ya tsane, sannan a sa ƙaro. Kada a sa ƙaron a cikin ganga, zai yi yauƙi ya riƙe ƙwallayen. Abin da za ka biya shi ne murfi mai roba da ba ya yoyo, da wanke ƙwallayen ƙarfe a shanya su bayan aiki saboda tsatsa, wanda wani dalili ne kuma na fifita tangaran ko tsakuwa.

Yanzu ga gishirin albarushi, wanda a kasuwa ake ce wa milhul barud. Gawayi shi kaɗai ba ya ci sai da iska, shi ya sa idan ka kife kwano a kan garwashi yake mutuwa. Wannan gishiri kuwa kusan rabin nauyinsa oksijin ne, yana kuma sakin sa idan ya ji zafi. Idan aka niƙa shi tare da gawayi, kowace ƙwayar makamashi tana manne da iskarta, ba ta bukatar ta waje, rufewa ba ta kashe ta, yashi ba ya kashe ta. Abin da abokinka ya kwatanta maka, ko ya sani ko bai sani ba, hanyar yin albarushi ce, kuma a cikin rufaffiyar ganga mai cike da ƙwallayen ƙarfe. Ƙarfe yana dukan ƙarfe, yashin da muka ambata yana tsakani yana ba da tartsatsi kamar ƙanƙara da ƙyastu, bututun roba yana tara lantarkin gogayya irin wanda kake ji yana ƙyas-ƙyas idan ka cire rigar nailan da rani, ga moto a gefe, ga zafin niƙa. Ɗaya daga cikinsu ya isa. Idan ta tashi, gangar ce za ta tsage, ƙwallayen kuma su fita ta kowace fuska, kuma katangar ƙasa ko ta kara ba za ta tare su ba.

Kada ka ɗauka cewa ƙwararru sun shawo kan wannan haɗari. Ba su shawo kansa ba, tsara aikinsu suka yi a kan cewa wata rana zai faru. Masana'antar albarushi ta DuPont da aka kafa a bakin kogin Brandywine a Amurka a 1802 ta gina ɗakunan niƙanta da kaurin bangon dutse ta fuska uku, ta bar fuskar da ke kallon kogi da rufi marasa ƙarfi, domin idan ɗaki ya tashi ƙarfin ya tafi kan ruwa, kuma duk da haka ma'aikata sun yi ta mutuwa a wurin har aka rufe shi a 1921. A garin Enschede na Holan, ma'ajiyar kayan wasan wuta mai lasisi ta tashi a watan Mayun 2000, mutum 23 suka mutu, unguwa guda ta rushe. Kai kuwa a tsakar gida kake aiki, da yara, da maƙwabta a bayan katanga. Ko garin gawayi zalla, idan ya tashi ya cika ɗaki kamar hazo ya haɗu da wuta, yana iya kamawa gaba ɗaya, kamar yadda ƙurar sukari ta tashi da wata matata a jihar Jojiya ta Amurka a 2008 ta kashe mutum 14, shi ya sa ko a niƙan busasshe nake cewa a bar ƙura ta kwanta kafin a buɗe murfi, a buɗe a waje, nesa da murhu da mai shan taba.

Akwai kuma abin da ya shafi halin da Sudan ta shiga bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023. Mutumin da aka samu da buhun wannan gishiri da baƙin gari da injin niƙa a gidansa, ko a shingen bincike, zai sha wuya kafin ya gamsar da kowa cewa turare yake yi, kuma ba shi kaɗai abin zai shafa ba, har da unguwarsu.

Bukatarka ta gaskiya ita ce gawayi mai saurin kamawa, kuma ana samun wannan ta hanyar siffa da kwaɓi. Ka rage kaurin dunƙulen, ka huda rami a tsakiya, ka bar gefensa da ɗan kaifi domin wuta ta fi kama baki siriri. Ka rage ƙaro zuwa iyakar abin da zai riƙe shi kada ya marmashe, kada kuma ka danna shi da ƙarfi a wurin bugawa. Ka gauraya gawayin itace mai nauyi da na abu marar nauyi, irin karan dawa ko na riɗi da Gadarif ba ta rasa su bayan girbi, marar nauyin ya kama da wuri, mai nauyin ya riƙe wutar. Sannan ya bushe sarai, domin sau da yawa gawayin da ake zargi da ƙin kamawa danshi ne a cikinsa. Ba zai kama da ashana ɗaya kamar na kanti ba, sai an ɗora shi a kan garwashi ko murhu na ɗan lokaci, amma ba zai yi tartsatsi da warin nan da na kanti yake yi a farko ba, kuma matan da suka san turare suna lura da wannan bambanci, kana iya sayar da kayanka a kansa.

Idan kuwa ka riga ka gwada shawarar abokin naka kafin wasiƙarka ta iso, to kada ka sake kunna injin, kada ka ƙwanƙwasa gangar, kada kuma ka kankare ƙanzon da ƙarfe ko da itace. Ka cire wuta daga nesa, ka fitar da yara, ka bar ta ta huce sarai. Sannan ka jiƙa murfin da kewayensa da ruwa sosai, ka sassauta shi a hankali yana jiƙe, ka cika gangar da ruwa ka bar ta ta kwana. Gishirin yana narkewa a ruwa, sai ka tsiyaye, ka sake cikawa ka tsiyaye har sau uku ko huɗu, ka wanke ƙwallayen da rolar da ƙasan wurin. Ruwan wankin ka ƙara masa wani ruwan mai yawa ka zuba a gona ko a gindin bishiya, domin gishirin nan taki ne, baƙin dagwalon da ya rage kuma ka gauraya shi da ƙasa yana jiƙe ka binne, kada ka shanya shi.